Idan Tsohuwar Akori-kura Ta Ƙi Tashi: Ta Inda Ake Fara Bincike

Yawancin akori-kurar da ke dakon hatsi, itace da dabbobi tsakanin ƙauyuka da kasuwanni a Arewa da kudancin Nijar sun haura shekara ashirin a kan hanya. Ko dai Peugeot 504 ce, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna har zuwa 2006, ko tsohuwar Toyota Hilux mai injin fetur 22R, 2Y, 3Y ko 4Y, ko kuma mai shan gas ta 2L, 3L ko 5L. Wannan bayanin na waɗanda ba su da kwamfuta ne, wato masu kafireto (mai gauraya fetur da iska) da masu tsohon famfon gas. Irin waɗannan motoci ba sa ɓoye ciwonsu. Da kunne da ido da 'yan kayan aiki kaɗan ana gano inda matsalar take.

Abin da ke cinye kuɗin masu mota shi ne canke. Mota ta ƙi tashi, sai a kwance kafireto, a murɗa distiributa (mai raba wa fulogi wuta), a sayo sabon kwayil (mai ƙara wa wutar batir ƙarfi), alhali ba a auna komai ba. Daga ƙarshe matsala ɗaya ta zama uku. Injin fetur abu huɗu yake nema kafin ya tashi: ya juya da isasshen sauri, wuta ta isa fulogi, mai ya isa silinda daidai gwargwado, sannan a sami matsi, wato fistan ya matse iska da mai a cikin silinda, a kan lokacinsa. Aikinka shi ne ka gano wanne ne babu, ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka taɓa abin da ba ka tabbatar ya lalace ba.

Kayan da za ka buƙata ba su da yawa: sufana 10, 12, 14 da 17, soket ɗin fulogi, sukuddireba, filaya mai roba a hannu, samfefa, kwalba mai haske, da fitilar gwaji. Fitilar gwaji kana iya haɗa ta da kanka da ƙaramin ƙwan fitilar mota da waya biyu. Idan akwai mitar awon wuta, to ya fi. Kafin komai ka sa giya a firi, ka ja hambirki, ka sa waigi a taya, musamman in motar na ɗauke da kaya.

Fara da kunne

Ka sa wani ya murɗa makulli, kai kuma ka tsaya a gaba, bonet a buɗe, ka saurara. Sautin da ka ji shi ke raba aikin gida biyu: ko injin ba ya juyawa yadda ya kamata, ko yana juyawa lafiya amma ba ya kamawa. Waɗannan matsaloli ne daban, kuma ba wuri ɗaya ake neman su ba. In injin ba ya juyawa, babu ruwanka da kafireto ko fulogi tukuna.

Kada a riƙe makulli fiye da sakan 10 zuwa 15 a bugu ɗaya. A huta rabin minti ko minti guda. Kik, wanda wasu ke kira sitata, yana jan wuta mai yawan gaske, kuma doguwar bugawa ce ke ƙona shi ta kuma ƙarar da batirin da kake buƙata don sauran gwaji.

Idan injin ba ya juyawa, ko yana jan jiki

Kunna fitilun gaba, ka sa a buga kik kana kallonsu. In sun dushe sosai ko sun mutu, wutar ba ta isa ba, ko kuma kik ɗin na jan fiye da ƙima. In sun tsaya da haskensu kuma ba ka ji komai ba, to umarnin makulli ne bai isa kik ba. In tun farko babu fitila, babu ko hasken dashbod, ka duba kan batir da 'yar wayar kariya da ke kusa da kan mai alamar + a motocin Toyota, wadda aka yi ta don ta narke idan wuta ta haɗu.

Batir mai cikakken caji yana nuna 12.6V idan ya huta. In ya nuna 12.2V rabin caji gare shi, 12.0V kuwa ya kusa ƙarewa. Amma awon hutu bai isa shaida ba. Ka bar mitar a jiki a buga kik: in ya faɗi ƙasa da 9.6V, batirin ya gaji ko bai da caji. Buɗe murafunsa ka leƙa. Zafin watan Maris zuwa Mayu yana shanye ruwan batir da sauri, kuma in ƙarafunan ciki suka fito sarari sun bushe, ƙarfinsa ya tafi. A ƙara tataccen ruwan batir har ya rufe su, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba.

Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, kawunansa ne suka ci amana. Wannan farin gari ko kore-koren da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa, ta yadda fitila za ta kama amma kik ba zai samu abin da yake so ba. Alamarsa ita ce ƙas-ƙas-ƙas da sauri idan an murɗa makulli, ko kuma ka taɓa kan batirin bayan bugawa ka ji ya yi zafi. Cire na alamar − da farko, sannan na +. Wanke su da ruwan zafi da ɗan garin kanwa, wanda ke kashe kaifin asid, amma kada ruwan ya shiga cikin batirin. Goge ciki da waje da samfefa har gubar ta yi haske, ka mayar da + da farko, ka ɗaure tam. Kan da aka cusa wa ƙusa ko aka buga da dutse don ya kama, a canza shi kawai. Ba shi da tsada, kuma shi ne ke tsayar da mota a daji.

Sai wayar at, wadda ke haɗa kan − da jikin mota da kuma injin. A tsohuwar mota tana yin tsatsa a inda aka ɗaure ta, ko ta rube a cikin robarta ba a gani. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki waya mai kauri irin ta haɗa batir, ka haɗa kan − kai tsaye da ƙarfen injin, a buga. In ta juya da ƙarfi, ka kama ɓarawon. Mai mita kuma sai ya sa tsinke ɗaya a kan −, ɗaya a jikin injin lokacin bugawa. Abin da ya haura 0.3V asara ce.

Idan ƙas ɗaya tak kake ji mai ƙarfi, fitilu kuma ba su dushe ba, zargin ya koma kan kik. A na Toyota, 'yan tagullan da ke cikin solonoyid, wato makunnin da ke manne a jikin kik, su ne suke cinyewa, har sai an murɗa makulli sau biyar ko goma kafin ya kama. Ana sayar da su daban, kuma mai wayarin zai canza su ba tare da an sayi sabon kik ba. In buroshinsa ne suka ƙare, sau da yawa ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da katako lokacin da ake riƙe da makulli yakan sa ya juya. Wannan na kai ka gareji ne kawai. Kuma da katako, ba da guduma ba.

In shiru ne gaba ɗaya, cire ƙaramar wayar da ke shiga solonoyid, ka sa fitilar gwaji tsakaninta da jikin injin, a murɗa makulli zuwa ƙarshe. In ba ta kama ba, matsalar na makunnin makulli ne ko wayar da ke tsakani. Motar da ke dakon masara da gero ta kwana kusa da rumbu, ɓeraye na shiga su gaigaye wayoyi a bayan dashbod, don haka a leƙa nan ma. In fitilar ta kama, a fitar da kik.

Akwai kuma sautin da kik ke gudu shi kaɗai, fiiii, injin bai motsa ba. Bendis ne, wato ƙaramin haƙorin kik da ke kama injin, ya daina kamawa, ko haƙoran filawil, babban faifan da ke bayan injin, sun cinye a wurin. Sa giya ta huɗu, a ɗan girgiza motar gaba kaɗan don haƙoran su sauya wuri, a mayar firi a sake gwadawa.

Wanda ya fi kowanne hatsari shi ne ka ji ƙum, injin ya ɗan motsa ya tsaya cak, alhali batir na da ƙarfi. Kada a tura, kada a ja ta da wata mota. Sa soket a notin fulin karanshaf ka juya da hannu. In motar ta ratsa ruwa mai zurfi da damina, ko gaskit ya zubar da ruwa cikin silinda da daddare, fistan ba zai iya matse ruwa ba, kuma tilasta masa na lanƙwasa sandarsa. Cire fulogi duka huɗu a buga, ruwan zai yi tsartuwa waje. In an cire fulogi kuma har yanzu ya ƙi juyawa da hannu, injin ya buga, sai saukewa.

Game da haɗa batir da wata mota: + da + da farko, sannan − na mai lafiyar, na ƙarshe kuma a maƙala shi a ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, saboda iskar da batir ke fitarwa na kamawa da wuta. Turi kuma a giya ta biyu ake yi. In ta tashi da turi cikin sauƙi, ka san wuta da mai da matsi duk lafiya. Da ta tashi ka auna batirin: ya kamata ya nuna 13.8V zuwa 14.4V. Ƙasa da 13V, a duba fanbel da alteneta, in ba haka ba gobe ma turi ne. Al'adar nan ta cire kan batir mota na aiki don a ga ko tana caji, a daina ta. Tana ƙona kayan cikin alteneta da na wutar distiributa.

Yana juyawa lafiya amma ba ya kamawa: wuta tukuna

Muna farawa da wuta ne domin gwajinta bai wuce minti biyu ba, kuma a waɗannan motoci ta fi mai yawan kawo matsala. Zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, ka riƙe ta da filaya mai roba, bakinta kamar milimita 6 daga ƙarfen injin, nesa da kafireto da tiyon mai. A buga. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana tsalle da ƙara tas-tas-tas a jere. Ja-ja mai rauni wadda sai an kusanto da wayar sosai ba za ta kunna mai a cikin matsi ba. A motar da ba ta da kwantak, wato ɗan makunnin cikin distiributa da ke buɗewa yana rufewa, kada a buga kik wayar na reto a iska nesa da ƙarfe, hakan na kashe akwatin wutar.

In akwai wuta mai kyau a wayar tsakiya, mayar da ita ka gwada a wayar fulogi ɗaya. In nan babu, abin na tsakanin murfin distiributa ne da rota, wadda ke juyawa a ƙarƙashinsa tana raba wuta. Buɗe murfin ka duba ɗan gawayin da ke tsakiyarsa, ya kamata ya leƙo kuma ya riƙa komawa in an danna. Duba ko akwai tsaga, ko wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir, wanda hanya ce da wuta ta yi wa kanta. Da damina ko bayan wankin injin, raɓa ce ke kwanciya a ciki. Goge shi da busasshen tsumma ka bar shi a rana kaɗan. Rota kuma tana iya hujewa ta ciki ta zubar da wuta a kan sandarta ba tare da an ga alama ba. Riƙe wayar tsakiya kusa da tagullar rota a buga: in wuta ta tsallaka mata, ta lalace.

In tun a wayar tsakiya babu wuta, fitilar gwaji za ta faɗa maka dalili. Buɗe makulli, taɓa kan + na kwayil. Dole ta kama. In ba ta kama ba, fis ne, ko makunni, ko waya. In ta kama, koma kan − na kwayil a buga kik. Abin da ake so shi ne ta riƙa ƙyaftawa. In ta tsaya a kunne ba ƙyaftawa, kwantak ba ya haɗuwa: bakinsa ya ƙone, ya yi datti, ko wayar da ke zuwa gare shi ta tsinke. In ta ƙi kamawa sam, ko dai kwantak ba ya buɗewa, ko kwandensa, ɗan gwangwanin da ke haɗe da kwantak, ya haɗe ta ciki, ko 'yar wayar cikin distiributa na taɓa jiki, ko kwayil ya tsinke ta ciki. In tana ƙyaftawa daidai amma babu wuta, a lokacin ne za a zargi kwayil ko wayar tsakiyar kanta.

Kwantak ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kowa laifi. Yana da ɗan dunduniyar roba da ke gogar sandar distiributa. Ƙurar hunturu da rashin giris suna cinye ta a hankali, tazarar bakin na raguwa, motar na ƙara wuyar tashi, har ranar da zai daina buɗewa. Juya injin da hannu har dunduniyar ta hau kan tudun sandar, ka auna tazarar: milimita 0.40 a Peugeot 504, 0.45 a Toyota. In babu fila-geji, wato siraran ƙarafan awon tazara, kaurin kwalin fakitin kwantak ɗin ya kusa haka, zai kai ka gida. Goge bakin da lallausan samfefa, sannan ka ja farar takarda a tsakani don ta kwashe gari da maiƙo. Wannan matakin na ƙarshe ake yawan mantawa, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana wuta. In bakin ya yi rami a gefe ɗaya da tsini a ɗayan, kwandensa ya gaji, a canza su tare. A ɗiga ɗan giris kamar kan ashana a sandar. A distiributa marar kwantak ta Toyota, tazarar da ke tsakanin haƙori da na'urar ɗaukar sigina milimita 0.2 zuwa 0.4 ce.

Akwai alama ɗaya da ba ta ƙarya. Mota ta kama muddin kana riƙe da makulli, da ka saki ta mutu. Wannan farin tangaran ɗin da ke kusa da kwayil ne ya ƙone, wanda ke rage wa kwayil wuta bayan an tashi. Lokacin bugawa ana tsallake shi, shi ya sa take kamawa. Haɗe shi da waya zai kai ka gari, amma in aka bar shi haka kwayil zai yi zafi kwantak ya ƙone.

Yanzu cire fulogi ka karanta su. Busasshe ƙayau bayan doguwar bugawa na nufin mai bai iso ba. Jiƙaƙƙe mai warin fetur na nufin mai ya yi yawa ko babu wuta. Baƙi mai maiƙo, bakin mai ne ke hawowa. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 ce a 504, 0.8 a Toyota. A 504 fulogin na can ƙasan dogon rami a tsakiyar murfin bawul, kuma bakin mai ko ruwan wanki na taruwa a ramin ya janye wutar. A tsane shi kafin a kwance fulogin, a kuma duba doguwar hular da ke kai masa wuta ko ta tsage. Gasa fulogi a wuta don ya bushe na tsaga farin tangaransa. A wanke da fetur a bar shi ya sha iska.

Sai mai

Kada ka yarda da allurar gejin tanki a tsohuwar mota. Tabbatar da kanka akwai mai. Sannan cire murfin matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireto injin a kashe, ka ja totur da hannu sau biyu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya yi tsartuwa ciki. Kafireton Toyota ma yana da ɗan gilashi a gefe, inda mai ya kamata ya tsaya a tsakiyarsa.

In ba ka ga komai ba, zuba fetur cokali ɗaya a maƙogwaron, mayar da murfin, ajiye galan nesa, kowa ya ja baya, a buga. In ta kama na sakan biyu ko uku ta mutu, wuta da taimin, wato lokacin zuwan wutar, lafiya, mai ne ba ya zuwa. Kada a taɓa zuba fetur ana cikin bugawa, kada kuma a toshe bakin kafireto da tafin hannu. Injin na iya yin atishawar wuta ta nan, kuma mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu a haka.

Cire wayar + ta kwayil don kada a sami tartsatsi. Zare tiyon da ke shiga kafireto ka sa bakinsa a kwalba, a buga sakan 10. Famfo mai lafiya na tofo mai da ƙarfi, bugu-bugu. In ɗiga yake ko babu, koma baya: filta ta toshe da tsatsar tanki, ko tiyon roba ya tsage kafin famfo yana shan iska, ko bututun ƙarfe ya lotse a ƙarƙashin mota. Zare tiyon da ke shiga famfo ka hura zuwa tanki, murfin tankin a buɗe. Ya kamata a ji ɓulɓul. In lokacin buɗe murfin ka ji ya ja iska fuuu, hanyar numfashin tankin ta toshe. Zaro sandar gejin bakin mai ka shinshina. In tana warin fetur kuma man ya ƙaru ya tsinke, fatar cikin famfo ta yage, fetur na zuba cikin injin. A canza famfo da bakin man gaba ɗaya kafin a yi tafiya.

Ajiye kwalbar nan minti biyar ka ɗaga ta a haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallo ko shimfiɗa. Man da aka saya a galan a bakin hanya yakan zo da ruwa, ƙasa ko gaurayen kananzir, kuma da yake famfo daga gindin tanki yake ja, ruwan ne ke fara isowa. Sai an zubar da na tanki da na kwanon kafireto. Motar da ta yi watanni a ajiye kuma, fetur ɗinta ya yi wari kamar fenti ya daskare a jet, wato ƙananan ramukan da mai ke bi a kafireto. Ita ce kaɗai za a ce a fara da wanke kafireto. A leƙa salansarta ma, zanzaro na gina gida a ciki.

Idan famfo na kawo mai amma kwanon kafireto a bushe, allurar fulot, wadda ke buɗe wa mai hanya ta kuma rufe in kwanon ya cika, ta maƙale a rufe. Ƙwanƙwasa saman kwanon da gindin sukuddireba. In ta maƙale a buɗe kuwa, mai zai yi ambaliya: wari ko'ina, fulogi jiƙe, gilashin gefe cike. Maganin tashinta shi ne a buɗe cok, wato marfin da ke rage iskar kafireto, gaba ɗaya, a take totur har ƙasa a riƙe, ba a famfa shi ba, a buga sakan 10. Famfa totur ƙara mata mai yake yi.

Motar da ke tashi lafiya da safe amma in ta yi tafiya a tsakar rana aka kashe ta sai ta ƙi, abu biyu ake zargi. Ko fetur ya tafasa ya zama tururi a famfo da bututu, ko kwayil ya gaji yana yanke wuta in ya yi zafi. Jiƙa tsumma ka ɗora a famfon mai na minti biyar. In ta tashi, ka nisanta bututun da manifol, wato ƙarfen da hayaƙi mai zafi ke bi daga inji zuwa salansa. In ba ta tashi ba, gwada wuta nan take tun kwayil ɗin na da zafi. Ɗora galan a kan rufi ana zuba wa kafireto kai tsaye, gwaji ne na minti ɗaya, ba hanyar tafiya kasuwa da mutane a baya ba.

Akwai wuta, akwai mai, har yanzu shiru

Saura lokaci da matsi. In an taɓa wayoyin fulogi kwanan nan, fara da su. Jerin wuta a duk waɗannan injina 1-3-4-2 ne, bi da bi ta inda rota ke juyawa. Toyota daga gaba take ƙirga silinda ta 1, Peugeot daga wajen giya. Cire fulogin ta 1, toshe ramin da yatsa ko tsumma, juya injin da hannu har ka ji iska na turowa, ci gaba har alamar taimin ta zo daidai. Rota ya kamata ta kalli wayar silinda ta 1. Fistan na 1 da na 4 tare suke hawa, shi ya sa ake yawan mayar da distiributa a juye, motar ta riƙa harbi ta kafireto ko ta salansa. Wutar da ke zuwa digiri 5 zuwa 10 kafin fistan ya kai ƙololuwa ta isa ta tayar da kowannensu. In kik na juyawa yana cijewa kamar ana tura shi baya, taimin ya yi gaba da yawa. In ana bugawa rota ba ta juyawa sam, sarƙar taimin ko haƙoran distiributa sun tafi.

Injin da ya rasa matsi yana da sautinsa: yana gudu da sauƙi, sumul, babu wannan nishin na hawa da sauka. Da gejin matsi, fulogi duka a cire, totur a buɗe, injin fetur mai lafiya na ba da kamar 130 zuwa 170 psi, silindodin kuma kusa da juna. Ƙasa da 100 tashi na wuya. Zuba bakin mai cokali ɗaya a silindar da ta yi ƙasa ka sake aunawa. In ya hau sosai, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu, musamman in motar ta taɓa tafasa ko lagireto na kumfa lokacin bugawa. Kafin a sauke tof, wato kan injin, a auna tazarar bawul, don wanda aka ɗaure da yawa ba ya rufewa. A 504 milimita 0.10 ne na shiga, 0.25 na fita, injin a sanyi. A 22R 0.20 da 0.30, injin da zafi.

Mai shan gas

Ita ba ta da fulogin wuta, zafin matsi ne ke kunna man, don haka saurin juyawa ya fi muhimmanci. Batirin da zai tayar da ta fetur yana iya gaza mata. In tana juyawa da ƙarfi, je ka baya ka kalli salansa ana bugawa. Babu hayaƙi, gas bai isa silinda ba. Farin hayaƙi mai yaji a ido, gas na zuwa amma ba ya kamawa.

In babu hayaƙi, sa a buɗe makulli a rufe kana sauraron famfon gas. A bayansa akwai ƙaramin solonoyid mai waya ɗaya da ke yin ƙas. In bai yi ba, gwada wayar da fitila. Sannan danna famfon hannu da ke saman filta. In yana tafiya laushi bai taɓa yin tauri ba, iska ta shiga layin, daga tankin da ya ƙare, tiyon da ya tsage, ko fatar famfon hannun kanta. Kwance ƙasan filta ka tsiyayar da ruwan da ya taru. Famfa har ya yi tauri, sassauta notin bututun nozul biyu (masu fesa gas cikin inji) da sufana 17, a buga har kumfa ta ƙare gas zalla ya fito, a ɗaure. Kada hannu ya kusanci wurin, ƙarfin tsartuwar na huda fata.

Farin hayaƙi da sanyin asuba a watan Disamba da Janairu yawanci hita ne, wato ƙananan sandunan da ke ɗumama silinda kafin a buga. Sa fitila a ƙarfen da ya haɗa kawunansu, a buɗe makulli, ta kama na 'yan sakanni. In ba ta kama ba, fis ko rile ne. In ta kama, cire ƙarfen, maƙala fitilar a kan + na batir ka taɓa kan kowane hita. Wanda bai kunna ta ba ya mutu, kuma biyu matattu sun isa su hana tsohon inji tashi. Fesa maganin sauro ko kara tsumman fetur a bakin iska na iya fashewa a kan hita mai zafi, yana karya ringi, kuma injin da aka saba wa haka ba ya daɗewa. Matsin 2L da 3L ya kamata ya kai kilo 32 a geji, kada ya gaza 20, kuma ba a yi musu gwajin zuba bakin mai.

Waɗannan injina bel ɗin taimin gare su, ba sarƙa ba, a 2L da 3L ana canza shi kowane kilomita 100,000. In motar ta mutu farat ɗaya tana cikin tafiya, kik kuma na juya ta da wani sauƙi da ba a saba ji ba, a daina bugawa. Buɗe murfin zuba bakin mai ka leƙa ko sandar bawul na motsi in an ɗan juya injin da hannu. In ba ta motsi, bel ya tsinke ko haƙoransa sun zube, kuma kowace bugawa ƙara haɗa fistan da bawul take yi. A jawo ta zuwa gareji, a sauke tof a duba bawul kafin a ɗaura sabon bel.